Kurakuran da aka fi yi wajen gina manhajar da ke koyo daga intanet

A watan Janairun 2010 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Tom Mitchell, suka kunna wata manhaja mai suna NELL. Aikinta shi ne karanta shafukan intanet dare da rana, tana tsamo bayanai tana tarawa. Tuntuɓen da ta yi ya ishi duk mai son gina irinta darasi.

Babban kuskure shi ne a sakar wa manhajar mara, a ce ai ta kama hanya. Irin wannan manhaja da abin da ta koya jiya take koyon na yau, don haka in ta haɗiyi ƙarya ɗaya, ƙaryar haihuwa take yi. An ba NELL rukunin abincin da ake gasawa don ta tara sunayen da suka dace da shi. Sai ta ci karo da "kukis", kalmar da a Turanci take nufin biskit, take kuma nufin ƙananan fayilolin da shafuka ke ajiyewa a kwamfutarka. Ta jefa kukis na intanet cikin kayan gashi. Da ta ga ana cewa an goge kukis, ana kuma cewa an goge fayiloli, sai ta yanke hukuncin cewa fayil ma gasa shi ake yi. Abin dariya ne, amma haka rumbu guda ke lalacewa. Gyaran kashi biyu ne: mutum ya riƙa leƙa kowane rukuni lokaci-lokaci yana tsince gurɓatattu, sannan a kafa dokokin da ke tsare juna, misali abin da aka ce birni ne ba zai zama mutum ba. Sai dai a yi hattara da suna irin Washington, wanda mutum ne, birni ne, kuma jiha ce. Jimlar da ya fito a ciki ita za ta raba gardama.

Wani kuskuren shi ne ƙirga yawan maimaici a matsayin hujja. Shafi dubu da suka kwafi juna shaida ɗaya ce. A gano asalin maganar, a kuma auna kowane shafi da irin gaskiyar da ya saba faɗa.

Haka kuma makin da manhaja ke ba kanta kan ingancin kowane bayani ba tabbaci ba ne. A 2014 masu binciken Google sun bayyana rumbun Knowledge Vault mai bayanai biliyan 1.6, amma miliyan 271 kacal ne makinsu ya kai kashi 90 cikin ɗari. A ware masu ƙaramin maki gefe, kada a koyi sabon abu daga gare su.

Sai mantawa da lokaci, wanda a ganina an fi raina shi. "Obama ne shugaban Amurka" gaskiya ce daga 2009 zuwa 2017, kuma tsofaffin shafuka suna nan suna faɗin haka. Duk bayanin da zai iya sauyawa, a liƙa masa ranar da aka same shi da shafin da ya fito, a kuma sa manhajar ta koma ta sake duba shi.