Kafin ka nemi aikin raya ƙasa a waje

Ɗan'uwa, fara da fasfo tun kafin ka ga tallar aikin. Ka je ofishin shige da fice na Farm Centre ka sabunta shi, domin ƙasashe da yawa ba sa ba da biza idan saura ƙasa da wata shida ya ƙare.

Hanya biyu nake nuna wa matasanmu na Kano. Akwai shirin TAC (Technical Aid Corps) da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, mai tura malamai, likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara biyu. Akwai kuma UNV, shirin 'yan aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake rajistarsa a intanet kyauta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom da sunan Majalisar, ɗan damfara ne, ko da a masallacin unguwarku kuka haɗu.

A takardar neman aikin, daina cewa kai haziƙi ne, kowa haka yake rubutawa. Faɗi abin da hannunka ya yi: rigakafin shan inna da ka bi gida-gida a Fagge, ko ajin manya da ka koyar. Wannan suke nema. Idan kana jin Larabci ko Faransanci, sa shi a sama.

Sai katin allurar rigakafin cutar shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka kar ka bari sai jajibirin tafiya. Takardar sakamakon jami'a ma ka nema da wuri, tana ɗaukar lokaci.

Kuma ka zauna da Hajiya da mai ɗakinka ku tsara cefane, domin alawus ake biya, ba albashi ba.