Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Hannun Gem da Kwamfuta ko Na'urar Gem

Duk wanda ya daɗe yana ta'ammali da hannun gem ya san irin takaicin nan: an soka kebul, fitilar hannun ta kama, amma da aka shiga wasa sai danne-danne ake yi ba abin da ke motsi. Abin da yakan fara zo wa mutum a rai shi ne hannun ya lalace, alhali kuwa sau da yawa ba shi da laifin komai. Kamawar fitila shaida ce kawai cewa wuta ta shiga. Kafin a ce haɗi ya kammala, dole ne saƙo ya sami hanyar da zai bi, na'urorin biyu su amince da juna, sannan wasan ya fahimci yaren da hannun ke yi, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya cijewa yayin da sauran ke lafiya ƙalau.

Kebul ne ya fi yaudarar mutane. Kebul ɗin USB na asali yana ɗauke da siraran wayoyi huɗu a cikinsa, biyu na wuta, biyu na bayanai, amma da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa tare da ƙananan kayan lantarki na wutar kawai aka saka musu, kuma a ido ba a iya bambance su. Na taɓa shafe kusan awa guda ina goge manhaja ina sake saukewa saboda kwamfuta ta ƙi ganin hannun DualShock 4 na PlayStation 4 (PS4) ta kamfanin Sony, ga fitilarsa tana ta haskawa ruwan goro a hankali alamar caji na shiga, ashe kebul ɗin da na ɗauko na wata tsohuwar fitilar karatu ne. Gwajin ba shi da wuya: a soka wayar salula a kwamfuta da kebul ɗin da ake zargi, idan wayar ta yi tambaya game da tura fayil, to yana ɗaukar bayanai, idan kuwa caji kawai ta shiga yi, a nemi wani. A kuma lura da bakin kebul, domin DualShock 4 da hannun Xbox One micro-USB suke karɓa, su kuwa DualSense na PlayStation 5 (PS5) da hannun Xbox Series da Pro Controller na Switch ta kamfanin Nintendo duk USB-C ne. Bakin micro-USB yana saurin saki idan ya sha amfani, shi ya sa hannu ke yankewa a tsakiyar wasa da zarar kebul ya ɗan girgiza.

Akwai wurare biyu da ko kebul mai kyau ba ya yin abin da ake zato. Na farko shi ne hannun Xbox 360 mara waya, wanda kebul ɗinsa na caji wuta kawai yake ba shi, saƙon maɓallai kuwa ta iska yake ci gaba da tafiya, saboda haka a kwamfuta sai an sami 'yar na'urar karɓar saƙo da aka ƙera musamman dominsa. Na biyu shi ne Pro Controller a kan Switch: ko an soka shi a mazaunin na'urar, ta iska yake magana har sai an shiga saitin hannaye an kunna zaɓin da ake kira Pro Controller Wired Communication.

Game da haɗi ta iska, babban kuskuren shi ne ɗauka cewa duk abin da ba shi da waya Bluetooth ne. Na'urorin Xbox da wata hanyar rediyo ta kamfanin Microsoft suke magana da hannayensu, kuma hannun Xbox One na farko da ya fito a 2013, da wanda ya biyo shi a 2015, ba su da Bluetooth ko kaɗan, sai a 2016, tare da fitowar Xbox One S, aka ƙara shi. Ana gane bambancin ta duban robar da ke kewaye da maɓallin Xbox. Idan a haɗe take da fuskar hannun baki ɗaya, yana da Bluetooth, idan kuwa a haɗe take da ɓangaren sama inda maɓallan kafaɗa suke, to tsohon samfuri ne, kuma ko kwana za a yi ana nemansa a jerin na'urori ba zai bayyana ba. Irin wannan sai da kebul ko adaftar Xbox ta Windows, wadda ke ɗaukar hannaye har takwas. Ni a ganina adaftar ta fi ko ga mai sabon hannu, domin ta Bluetooth kafar lasifikar kunne da ke ƙasan hannun Xbox ba ta aiki.

Sai kuskuren rikita kunna hannu da saka shi cikin yanayin neman abokin haɗi. Mutum ya danna maɓallin PS shi kaɗai yana jiran kwamfuta ta ga hannun, sai kawai ya ji ƙarar PlayStation ta tashi a ɗaya ɗakin, domin hannun ya koma wurin wanda ya sani. Daidai shi ne a bar hannun a kashe, a riƙe Share da PS tare a kan DualShock 4, ko Create da PS a kan DualSense, har sai fitila ta soma ƙiftawa da sauri. A hannun Xbox ana kunna shi tukuna, sannan a riƙe ƙaramin maɓallin da ke samansa na kimanin daƙiƙa uku. Pro Controller ma yana da irin wannan ɗan maɓalli kusa da kafar caji, su kuwa Joy-Con, wato ƙananan hannayen Switch masu ɓari biyu, kowane ɓari daban kwamfuta ke ganinsa, don haka ɗaya bayan ɗaya ake haɗa su.

Daga nan wata matsalar ke ɓullowa idan aka tashi komawa. DualShock 4 na'ura ɗaya yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa, saboda haka da zarar ya haɗu da kwamfuta ya manta da PS4, kuma hanya mafi sauƙi ta mayar da shi ita ce a soka shi da kebul mai ɗaukar bayanai a danna PS. Hannayen Xbox masu Bluetooth sun fi sauƙi, domin idan an sabunta manhajarsu, danna maɓallin haɗi sau biyu a jere yana mayar da su daga kwamfuta zuwa na'urar gem ko akasin haka, kuma a 2025 kamfanin Sony ya ba DualSense damar riƙe na'urori har huɗu. Idan kuma kwamfuta tana nuna sunan hannu a jerinta amma ya ƙi haɗuwa, yawanci tsohuwar rajista ce ta rage bayan hannun ya riga ya manta da ita, kuma maganin shi ne a cire sunan daga jerin gaba ɗaya a sake haɗi daga farko.

Wurin da aka fi ɓata lokaci shi ne inda Windows ta ga hannu sarai amma wasa ya yi biris da shi. Yawancin wasannin kwamfuta na zamani da tsarin XInput suke sauraron hannu, wanda Microsoft ya fito da shi a 2005 tare da Xbox 360, kuma hannaye huɗu kawai yake ɗauka a lokaci guda. Hannayen Sony da Nintendo ba sa jin wannan yare, shi ya sa wasan da ba a rubuta shi da su a zuciya ba yakan ƙi ganinsu, ko ya gan su da maɓallai a hargitse. Kafin a taɓa komai, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta joy.cpl, a buɗe bayanan hannun a daddanna maɓallai. Idan lambobin da ke allon suna haskawa, to kebul da Bluetooth da hannun duk sun fita daga zargi, abin da ya rage tafinta ne tsakanin hannu da wasa. Steam, manhajar saye da buga wasanni a kwamfuta, yana da nasa tafintan, wato Steam Input, wanda ya karɓi DualShock 4 tun 2016, Pro Controller a 2018, DualSense kuma a 2020, kuma wasan da ba a Steam aka saya ba ana iya ƙara shi cikin jerin wasannin Steam ya amfana. Wasu kuma manhajar DS4Windows suke amfani da ita, wadda ke sa hannun Sony ya bayyana a matsayin na Xbox.

Sai dai tafinta biyu a bakin mutum ɗaya rikici ne. Idan Steam Input da DS4Windows suna aiki tare, ko wasan yana ganin hannun gaske da na kwaikwayo a lokaci guda, danni ɗaya sai ya zama biyu: a sauka layi ɗaya a jerin zaɓi ya tsallake biyu, ko a wasan ƙwallo a tarar ɗan wasa na biyu ya shigo ba wanda ya gayyace shi. A zaɓi ɗaya a rufe ɗayan, ko a yi amfani da manhajar HidHide a ɓoye hannun na gaske. Akwai kuma lokacin da tafintan shi kansa ne cikas, domin wasan da ya san DualSense da kansa, idan aka gabatar masa da shi a rigar Xbox, maɓallansa na L2 da R2 masu taurin da ke sauyawa da jijjigarsa mai laushi sukan ɓace. A irin wannan wasa a kashe Steam Input, kuma a soka kebul, tunda a yawancin wasannin kwamfuta waɗannan abubuwa biyu ta kebul kawai suke aiki. Mai hannun Nintendo kuma kada ya ɗauka wani abu ya lalace idan allo ya ce a danna A ya danna sai B ya fito, domin wuraren A da B, da na X da Y, a juye suke idan aka kwatanta da na Xbox, kuma Steam yana da saitin da ke daidaita hakan.

Tsakanin na'urorin gem kuwa, iyakar daga kamfanoni take, kuma babu saitin da zai kawar da ita. DualShock 4 yana aiki a PS5 amma a wasannin PS4 kaɗai, DualSense ba ya aiki kai tsaye a PS4, hannayen Xbox One kuwa suna aiki a Xbox Series ba tare da wata matsala ba. Kai hannun wani kamfani zuwa na'urar wani sai da adafta irin ta Brook ko 8BitDo, kuma ya kamata a tabbatar ta dace kafin a saya, musamman ganin cewa tun Nuwamba 2023 Xbox ke toshe kayan haɗi marasa lasisi. Hannayen kamfanoni masu zaman kansu sukan zo da makunni ko haɗin maɓallai na sauya yanayi, kuma barin irin wannan hannu a yanayin Switch sannan a soka shi a Windows ya isa ya sa a ɗauka kayan jabu ne.

Idan haɗi ya yiwu amma hannun yana nawa ko yana yankewa, a dubi cunkoson iska. Bluetooth a zangon gigahaz 2.4 yake aiki, inda Wi-Fi ma yake, kuma kafofin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai wannan zango. Adaftar Bluetooth da aka soka a bayan akwatin kwamfuta, kusa da ma'ajiyar bayanai ta waje, tana cikin mafi munin wuri, kuma ɗan kebul na ƙari da zai fito da ita fili yakan warware matsalar. Masu kwamfutar tebur da yawa ba sa ɗaura eriyar Wi-Fi da ta zo da ita saboda da kebul suke shiga intanet, ba su san Bluetooth ma da eriyar yake aiki ba. Batir mai rauni shi ma yana kawo irin wannan yankewa. Idan kuma sauti ya ɗauke bayan an soka DualSense, Windows ce ta ɗauke shi a matsayin lasifika ta mayar da sauti can, sai a koma saitin sauti a zaɓi lasifikar asali.

Sabunta manhajar da ke cikin hannun kansa abu ne da mutane da yawa ba su san ana yi ba. A Windows ana yin sa da Xbox Accessories ga hannun Xbox, da PlayStation Accessories ga DualSense, kuma gara a yi shi da kebul, a bar shi a soke har aikin ya kammala. Idan hannun Sony ya ƙi jin duk wannan, akwai ɗan rami a bayansa, a DualShock 4 kusa da L2 yake, inda ake zura tsinke ko allura a riƙe maɓallin ciki na kimanin daƙiƙa biyar, sannan a soka shi da kebul a danna PS ya sake haɗuwa.