Yadda Ake Gano Hannun Damuwa a Hawan Jinin da Ba Ya Jin Magani

Likitoci na cewa hawan jini ya yi taurin kai idan mutum yana shan magunguna iri 3 daban-daban, ciki har da mai sa fitsari, kowanne a adadin da ya kamata, amma awo bai sauka ba. Kafin a ƙara na huɗu, yana da kyau a duba abin da ke cikin ran mai ciwon.

Da farko, ka tabbatar jinin naka ya hau da gaske. Wasu mutane da zarar sun ga likita gabansu ya faɗi, awon ya yi sama, alhali a gida lafiya lau yake. Ka samu na'urar awo ta damtse, ka zauna shiru minti 5, bayanka a jingine, hannunka daidai da ƙirji, kuma kada ka sha sigari ko kofi minti 30 kafin nan. Ka auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, har kwana 7, ka rubuta. A gida 135/85 ne iyaka, a asibiti 140/90. Amma kada awon ya zame maka jaraba. Mai aunawa sau goma a rana saboda fargaba, shi ke tayar wa kansa jinin.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, ka faɗa wa likita gaskiya game da shan magani. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa magani ba ya musu aiki, tsallake shi suke yi. Wani mantuwa ce, wani tsoron illa, wani kuma ciwon damuwa ne ya kashe masa jiki har ba ya ganin amfanin komai. Kunya ke hana su faɗa, likita kuwa sai ya yi ta ƙara ƙwayoyi. Idan ka yi mako 2 ko fiye rai a ɓace, babu sha'awar abin da ka saba so, ka ambata, domin ciwo ne mai magani. Sai dai ka tabbatar likita ya san kana da hawan jini, don wasu magungunan damuwa, irin su venlafaxine, kan ɗaga shi.

Na uku, a gefen kowane awo ka rubuta abin da ya faru ranar: rigima, tunanin bashi, rashin barci. Tashin hankali na sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta yi sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Takardar za ta nuna maka abin da ke tunzura ka.

Sannan barci. Idan ana ce maka kana minshari mai ƙarfi, numfashi na ɗaukewa, ka nemi gwajin barci, domin wannan matsala ta yi yawa a cikin masu irin wannan hawan jini.

Daga nan sai aikin kullum: tafiya da sauri minti 150 a mako, da numfashi a hankali kamar sau 6 a minti, na ɗan lokaci kowace rana. Waɗannan ƙari ne a kan magani, kada ka ajiye ƙwaya ko ɗaya sai da izinin likita.