Yadda Ake Nazarin Alamtarwa da Taurari a Labarin Sarƙar Maupassant

Labarin La Parure (labarin sarƙar), wanda marubucin Faransa Guy de Maupassant ya buga a 1884, gajere ne, amma sai an karanta shi sau biyu. Karon farko don sanin abin da ya faru: Mathilde Loisel, matar wani ƙaramin ma'aikaci a Faris, ta ari sarƙa wurin ƙawarta Madam Forestier don zuwa liyafa, sarƙar ta ɓace. Ita da mijinta suka sayi wata a kan faran (kuɗin Faransa na lokacin) 36,000 don mayarwa, suka shekara 10 suna biyan bashi, ashe ta asalin jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba.

Karo na biyu ka riƙe biro don neman alamtarwa, wato abin da ke wakiltar wata ma'ana da ta wuce shi kansa. Duk abin da ya maimaitu, ja masa layi, ka rubuta wa ke riƙe da shi, da abin da ya sauya bayan bayyanarsa. Madubi misali ne: a gabansa ta fara ganin kanta da sarƙar, a gabansa kuma ta ga wuyanta wayam. Kada ka tsallake mayafin da mijin ya yafa mata bayan liyafa. Kunyar a gan ta da shi cikin mata masu tufafin alfarma ce ta sa ta fice a guje.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su rubuta cewa sarƙar na nufin kwaɗayi, su tsaya nan. Wannan jigo ne, ba hujja. Hujjar tana wurin mai sayar da kayan ado da ya ce akwatin sarƙar da ta ɓace kawai ya fito daga shagonsa, da Madam Forestier da ba ta ko buɗe akwatin ba da aka mayar mata. Marubucin ya riga ya yi nuni cewa darajar tana a idon mai kallo.

Tauraro kuwa, wato mutumin cikin labari, auna shi da aikinsa kafin maganarsa. Mijin ya ba da faran 400 da ya tara don sayen bindiga, daga baya ya haɗa da gadonsa na faran 18,000. Ita ma Mathilde kada ka rufe ta da kalmar ruwan ido: dubi yadda ta koma wanki da cinikin cefane a kasuwa, da murmushin alfahari da ta yi lokacin da take faɗa wa ƙawarta gaskiya. Kowace magana da za ka yi a kanta, kawo sakin layin da ya goya maka baya.