Darasi na 9: Kula da Zomo a Cikin Gida

A gidaje da yawa na Damagaram, daga Birni har Zango, yaro ne yake kawo zomo gida. Ya gan shi a Kasuwar Dole ko wurin abokinsa, ya nace har aka saya masa, aka saka shi cikin kwali a bayan ɗaki aka ce nasa ne. Ɗokin yaro kuwa ba ya wuce mako guda, alhali zomon da ya samu kulawa yana iya kai shekara 8 ko fiye. Saboda haka wannan darasi na manya ne, domin dabbar da aka tsare ta kasa fita neman abinci da kanta, haƙƙinta yana wuyan maigida da uwargida.

Abin da ya fi kashe zomo a wajenmu shi ne zafi. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 yakan fara wahala, ga shi kuwa a watan Afrilu da na Mayu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40. Na taɓa shiga gidan wani maƙwabcina da azahar a cikin bazara, na tarar da zomaye biyu a akurki ƙarƙashin rufin kwano. Ɗayan ya miƙe a ƙasa yana haki, hancinsa ya jiƙe, kunnuwansa sun yi ja, kaskon ruwan kuma ya bushe ƙayau tun hantsi. Muka mai da su gindin dogon yaro, muka shafa musu ruwan randa a kunne, ɗaya ya farfaɗo, ɗayan bai kai la'asar ba. Mutanen gidan ba mugunta suka yi ba, ba su dai san cewa kwano yakan mai da akurki tanda ba.

Don haka a ajiye akurki a inuwa inda iska ke wucewa, a yi masa rufin zana ko na kara, idan zafi ya tsananta a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe guda. Wasu sukan bar zomo ya tona rami a tsakar gida, kuma lalle ramin ya fi sanyi, sai dai ruwan damina yakan cika shi ya halaka jarirai, maciji da ɓera ma sukan bi ta ciki. Akurkin ya zama mai faɗin da zomo zai yi tsalle uku ya kuma tsaya a kan ƙafafunsa na baya, ragar wayar ta zama mai ƙananan idanu saboda kyanwa. A sa katako inda zai kwanta, domin waya takan ci masa tafin ƙafa.

Wajen abinci ne mutane suka fi yin kuskure, suna zuba masa sauran tuwo da shinkafa kamar kaza. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro muddin yana raye, taunar busasshiyar ciyawa ce take goge su, ita ce kuma take sa hanjinsa aiki. Saboda haka kada ciyawa ta yanke masa dare da rana, a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa wadda ba ta yi fumfuna ba. Bayan wannan sai ɗanyen ganye, kamar zogale, ganyen dankalin Hausa da ganyen karas, a wanke a bar shi ya tsane. Dusa ƴar kaɗan ta isa, shi kansa karas ɗin ɗan yanki ake bayarwa saboda zaƙinsa. Kada a ba shi albasa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa ko tumfafiya, kuma duk sabon ganye a fara da kaɗan a ga yadda kashinsa zai kasance. Maganar da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce; a canja masa ruwa safe da yamma a cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Idan za a ɗauke shi, a sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗayan ya tallafi gindinsa, a manna shi a jiki. Kama shi ta kunne da aka saba yi a kasuwa azaba ce, kuma idan ya yi fizga ƙashin bayansa yana iya karyewa. A koya wa yara su zauna a ƙasa kafin su riƙe shi. Ba a yi masa wanka.

Zomo yakan ɓoye ciwonsa, sai mai lura yake ganewa. A duba kashinsa kowace safiya lokacin shara: idan ya ƙanƙance, ko ya zama gudawa, ko zomon ya wuni bai taɓa abinci ba, a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a ce sai gobe. Ɓawon da yake taruwa cikin kunne yana sa shi kaɗa kai ƙazuwa ce, kuma tana da magani. Ina roƙonku kada ku ɗura masa ƙwayoyin mutane da ake saya a tebur, domin wasunsu, kamar amoksisilin, suna lalata masa hanji har su kashe shi.

Saura maganar haihuwa, wadda take cika gida ba shiri. Zomanya takan isa ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikinta kwana 31 ne a galibi, kuma tana iya sake ɗaukar wani a ranar da ta haihu. Wanda ba shi da wuri da abincin zomaye goma, ya raba namiji da mace tun suna wata 3. Wanda yake son ƙari kuwa, ya rubuta ranar da ya haɗa su a littafinsa ya ƙidaya: idan ranar 1 ga Maris ce, ranar 28 ga wata zai sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, domin a kwanakin ne za ta fara tsige gashin ƙirjinta tana yi wa ƴaƴanta shimfiɗa.