Babi na 6: Dankalin Turawa da Cutar Ƙunar Ganye

Darasi na 1: Zaɓen iri

Mu nan Kano da Jigawa, a rani muke noman dankalin turawa, wajen watan Nuwamba idan sanyin hunturu ya shigo. Yawancin irin da muke sayowa daga Filato yake zuwa, yankin Bokkos da Mangu, inda cutar ƙunar ganye take cinye gonaki da damina saboda sanyi da laima. Cutar tana iya ɓuya a cikin ƙwayar dankalin, ku biya kuɗin mota ku kawo ta gonarku da hannunku.

Dankali iri-iri ne. Nicola da Marabel suna da kasuwa, amma ba sa jure wannan cuta. A 2023 an fitar da sababbin iri huɗu a Najeriya masu jure ta: Unica, Juriya, Babban da Kyau. Ku karanta sunayen da ƙarfi, ku rubuta su a littafinku, sannan ku tambayi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) inda ake samunsu. Mai sayarwa da bai san sunan irinsa ba, ku wuce shi.

Kafin ku biya, ku ɗebi ƙwaya goma daga tsakiyar buhu, ku yanka. Idan kun ga ja-ja mai duhu ya ci ciki daga ƙarƙashin ɓawo, buhun nan ba na shuka ba ne.

Darasi na 2: Juya ganye

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Iri mai juriya yana kamuwa shi ma, sai dai cutar ba ta saurin cin ƙarfinsa. Saboda haka duba gona dole ne, ko wane iri kuka shuka.

Ku fita da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ku tsugunna. Ku nemi tabo mai duhu kamar an zuba wa ganyen tafasasshen ruwa, yawanci a baki-baki ko a tsini. Kun gani? To, ku juya ganyen. A ƙarƙashinsa ne za ku ga farin gashi-gashi siriri kewaye da tabon. Wannan farin shi ne shaida. Daga sama ba a ganinsa, kuma da rana ta take yana ɓacewa. Ku juya ganyen, ku duba ƙasansa.

Wanda bai gane ba a karon farko kada ya damu, ido yana sabawa. Gobe ya koma, ya sake juyawa.

Amma mai tsayawa a bakin gona da azahar, hannu a aljihu, ya ce komai lafiya, yaudarar kansa yake yi. An faɗa, an maimaita: da safe, a tsugunne, a juya ganye. Cutar nan idan ta samu sanyi da laima, mako ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ƙone gona.

Idan tabon busasshe ne mai zobe-zobe a tsofaffin ganyen ƙasa, kuma kun juya babu fari, wata ƙunar ce daban. Ku kai wa malamin gona ya gani.

Darasi na 3: Idan kun gan ta

Ku tuge shukar da ta kamu, ku sa a buhu, ku binne nesa da gona. Ku fesa wa sauran maganin mancozeb duk kwana 7 zuwa 10, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar, feshin ya taɓa ƙasan ganye. Kariya yake yi, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Ban ruwa ta kwarin kunya za ku yi, ku daina jiƙa ganye da yamma. Tumatir ma yana kamuwa, kada ku haɗa musu iyaka.

Darasi na 4: Tono

Ku ɗaga kunya ta rufe ƙwayoyin sosai. Ku yanke ganyen mako biyu kafin tono. Kada ku ajiye iri daga gonar da ta kamu.