Masu babur mai gudu, ga abin da ke shanye muku mai

'Yan'uwa, yawancin man nan a hannun dama yake tafiya. Babur irin na tsere, in kana murɗa totur kana barin inji yana ihu a ƙaramin giya cikin garin Garwa na Kamaru, tanki ba zai kai ka ko'ina ba. Sa babban giya da wuri, ka riƙe gudu ɗaya, musamman a hanyar Marwa.

Sai ƙurar hunturu. Ciro matatar iska ka duba, za ka tarar ta yi ja kamar bulo, inji kuwa in iska ta gaza masa, mai yake zuƙa. Taya mai ƙarancin iska da busasshiyar sarƙa ma suna ci.

Zuwa-zuwa kuma, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, a tace da ƙyalle kafin a zuba, amma wani har da ruwa, shi kuma ƙyalle ba ya tare shi.